Bindiga ta Miji, Sakata ta Mata

Abin ya fara ne ranar Alhamis, sha biyu ga watan Hidar, shekara ta 1961 a ƙidayar ƙasarmu, da ƙarfe bakwai da minti goma na rana, wato lokacin da malamanmu na mishan suke kira ƙarfe ɗaya da minti goma. Na san haka domin a duk ƙauyenmu Koso Amba ni kaɗai ke da agogo, kuma na duba shi a daidai sa'ar da Ato Mekuriyau ya miƙe tsaye da ƙahon giya a hannu.

Ranar idin Mika'ilu ce. An fito daga coci, maza suna zaune a gindin ɓaure ana zagayawa da talla, giyar sha'ir ta gida. Ato Bitau, mai amyoyin zuma, yana ba da labarin taskar ɗin ubansa, sadakar tunawa da mamaci da ya yi bara, yadda aka harba bindiga bakwai a kan kabari har birai suka ƙaurace wa dutse.

"Bakwai?" in ji Mekuriyau. "Bakwai ai atishawa ce. Amma ta ishi mutumin da ya yaƙi Italiyawa daga ƙarƙashin gado."

"Ubana ne ya riƙe wa ubanka alfadari ranar da yake neman hanyar gudu," in ji Bitau, bai ko ɗaga kai ba.

Mekuriyau ya murɗe gashin bakinsa, wanda ya kai kusan kunne ta kowane gefe. "To ku shaida. A watan Tir zan yi taskar ɗin ubana na shekara bakwai. In bindiga ashirin da ɗaya ba ta tashi a kan kabarinsa ba, bindigarsa Minishir da ke rataye a ɗakina ta zama ta Bitau. Na rantse da ƙashinsa."

Kes Admasu, limamin cocinmu, ya ce, "Ɗana, haɗiye maganar nan tun tana kusa da maƙogwaro."

Sai ya sake maimaita ta, da ƙarfi, don na bayan ɓaure su ji. Aka ce ni zan yi ƙirga ranar, tunda ba na shan giya, kuma 'yan mishan sun koya mini lissafi.

Minishir ɗin nan ita ce dukiyar gidansu. Ubansa, Ato Yirdau, ya ƙwace ta daga hannun wani soja a mashigin kogi lokacin yaƙi, ya sa mata zobban azurfa uku. Shi Mekuriyau bai taɓa zuwa yaƙi ba, amma in ka ji shi sai ka ɗauka a kan kafaɗarsa aka kori Italiyawa. Yakan ce ko a rufe masa ido, da ƙamshi kawai zai gaya maka wace bindiga ce, wa ya ƙera ta, mutum nawa ta ci.

Muna da wata doka a Koso Amba. Tun zamanin kakannina, a wani biki, wani ya bugu ya harba don murna, ya cire wa kawun ango kunne. Daga ranar dattawa suka yanke: bindiga ta miji ce, sakatarta ta mata, kuma ƙauyukan hayin kwari ma suka bi dokar. Sakata ita ce ƙarfen nan mai ƙulli da ake ja baya a tura gaba ya danne harsashi. In babu ita, bindiga sanda ce. Kowace mace tana ajiye tata a tukunyar gari ko ta barkono, da zare mai launi ɗaure a ƙullin don ta gane abinta. Takan fito da ita don jana'iza, ko kura, ko ɓarayin shanu, kuma kafin faɗuwar rana ta koma tukunya.

Bindigogin ƙauyen duka tara ne, har da ta Bitau wadda ba zai bayar ba. Saura sai an nemo. Azumin Kirsimeti ya kama, mutane suka bar nama da man shanu, Mekuriyau kuma ya ɗaura wa alfadarinsa sirdi.

Ya fara da gidan Emama Yeshimebet, tsohuwar da mijinta ya rasu ya bar mata Wujigra, doguwar bindiga irin ta dā. Ya tarar ita ce ginshiƙin akurkin kaji.

"Emama, bindigar da ta ga yaƙi kika sa gadin kaji?"

"Ta fi maigidanta aiki, Allah ya jiƙansa. Shi ko ɗan tsako bai taɓa tsare mini ba. Ka kawo itace ka tokare rufin tukuna."

"Rufin kaji ne zai koya mini dabara?"

Ya rarrafa ciki ya fizgo ta. Rufin ya sauko masa a baya, da ciyawa da kashin kaji na shekaru. Ya fito da wata kaza a bisa kai, bindiga a hannu, maƙwabta sun taru a bakin danga. Don kada dariyar ta yi nisa, sai ya ɗaga bindigar sama ya ce, "Masani da ido ɗaya yake gane lafiyar bututu." Ya kafa ido a bakin. Zanzaro ya yi gida a ciki, kuma yana nan.

Mako guda yana yawo da ido ɗaya a kumbure kamar ƙwan agwagwa. Ya ce wa masu tambaya yana koyon saiti ne.

Daga nan sai Gashe Wandimu, tsohon soja wanda igwa ta toshe masa kunnuwa tun yana saurayi, ya ce shi ya ga Italiyawa sun zubar da mota guda ta bindigogi a gurbin da ke ƙarƙashin gada. Ranar kasuwa Mekuriyau ya je, domin ba ya son yin abin kirki ba masu kallo. Ya ɗaura igiya a sirdin alfadari, ya kama ɗaya bakin, ya tuɓe, ya nutsa. Ya daɗe. Ya ɓullo ya ce ya taɓa ƙarfe, ƙarfe mai yawa. Ya koma ya ɗaure, ya sake ɓullowa ya daka wa alfadarin tsawa.

Alfadarin bai saba a yi masa tsawa daga cikin ruwa ba. Ya zabura. Abin da ya fito daga gurbin gadon ƙarfe ne mai tsatsa, Mekuriyau yana kwance a kai, ƙafarsa ta sarƙe a igiya, matsattsaku sun manne masa a cinya. Haka aka ja shi ta layin masu gishiri, ta layin masu tukwane, sai a wajen masu albasa alfadarin ya tsaya ya fara ci.

"Gadon janar ne," in ji Mekuriyau yana rufe jikinsa da buhu. "Ku duba ƙirar."

"To ɗora shi a kafaɗa ka harba mu ji," in ji Bitau.

Amma gaskiya ɗaya ce, mutumin yana da naci. Ya bi ƙauyukan hayin kwari ɗaya bayan ɗaya. Ya samo wata Alben gajera a wurin mai dafa talla, da gindinta take motsa tukunya. Ya samo Mauzer a ƙarƙashin rumbu, an naɗe ta a fatar akuya tun lokacin da gwamnati ta ce a miƙa makamai. Wata a cikin rufin ɗaki, wata a matsayin sandar ƙofar garke. Wani sufi da ke zaune a kogo ya ba shi tasa, wadda yake dogarawa a kanta in yana addu'a. Wasu aro, wasu musaya da akuya, ɗaya kuma da gadon janar. Kafin azumi ya ƙare, ashirin da biyu suna jingine a bangon ɗakinsa.

Matarsa, Waizaro Tiruwark, mace ce mai ƙarancin magana. Ta dube su ta ce, "Ɗakin nan namu ne ko na sojojin da suka mutu?"

"Ke dai ki ji da miya. Ranar nan har jikokinki sai sun ba da labarinta."

"Wannan na yarda."

Sai batun harsashi. Ya sayo buhu guda daga wani falke, na kowace ƙasa a cakuɗe, dogo da gajere, mai ƙiba da siriri, wasu sun yi kore don tsufa. Na ce masa, ina kiransa yadda muke kiran manya, "Gashe Mekuriyau, ai kowace bindiga da irin nata."

"Ayalne, karatun Turawa ya sa ka tsoro. Bindiga ciki ce, abin da ka ba ta shi take ci."

Ya ce zai gwada a idon jama'a. Ta sufin nan ce kaɗai ta zo da sakatarta, tunda sufi ba shi da mata. Ya zaɓo harsashin da ya fi kowanne ƙiba, ya ƙi shiga, ya lallashe shi da taɓarya. Muka ja da baya. Ya tsaya a tsakar gida, ya ɗaga baki sama, ya ja kunama.

Da hayaƙi ya washe, bututun ya tsage kamar ɓawon ayaba. Mekuriyau yana zaune a ƙasa, fuska baƙa ƙirin. Gashin bakinsa na dama yana nan har kunne. Na hagu babu ko tsinke.

"Ƙarfen sufaye ne," in ji shi, yana magana da ƙarfi domin kunnensa yana ƙara. "Azumi ya cinye shi. Shi ya sa na tanadi ashirin da biyu."

Tiruwark ta fito daga madafa, ta daɗe tana kallon fuskarsa. Ta sunkuya ta tsince tarkacen bindigar ɗaya bayan ɗaya a cikin zaninta, ta koma ciki.

Ana gobe taskar mata suka zo da sakatu, na ƙauyenmu da na hayin kwari, kowace da zarenta: ja, baƙi, shuɗi, ja da fari a murɗe. Kowace sai ta yi kashedi kafin ta saki.

"Kafin rana ta faɗi gobe tana hannuna," in ji Emama Yeshimebet. "Ka rushe mini akurki, kada ka ƙara da wannan."

Tiruwark ma ta miƙa masa ɗaya mai zare baƙi, ta wuce gidan maƙwabta inda ake gasa injera, faffaɗar wainar ƙasarmu, don biki.

Ina wurin lokacin da ya baje su a kan fata. Duk sun yi tsatsa, gari ya cushe su, wata ma da ɓawon tafarnuwa. Ya ɗauki wuƙa ya fara yanke zaren.

"Gashe, in ka cire, ta yaya za a gane ta wace ce?"

"Kayan yaƙi da kitso? So kake mutanen hayi su yi wa ubana dariya?" Ya taɓa hancinsa. "Wannan ne littafina."

Man bindiga babu. Ya waiga, idonsa ya faɗa kan babbar tukunyar da ke lungu. Man shanu ne wanda Tiruwark ta yi ta tarawa tun farkon azumi, ta dafa shi da citta da tafarnuwa da albasa da ganyen ƙamshi, don miyar mutum ɗari uku. Ya kwashi sakatun gaba ɗaya ya zuba ciki. Abin da ya malalo ya shafe katakon bindigogin da shi, da maratayinsu na fata, har suna ƙyalli.

Da yamma Tiruwark ta dawo, ta buɗe tukunya, ta rufe.

"Ina man shanuna?"

"Ya shiga soja."

"Miyar ubanka fa?"

"Wanda ya ji ƙarar bindiga ashirin da ɗaya ba ya tambayar maiƙon miya."

"To," in ji ta. Abin da ta ce ke nan.

Washegari, bayan an gama addu'o'i, aka fito filin da ke bayan katangar coci, daura da kabarin Ato Yirdau. Mutanen ƙauye uku sun hallara. Maharba ashirin da ɗaya suka taho a jere, Mekuriyau a gaba da Minishir mai zobban azurfa, ya juya fuska yadda jama'a za su ga gefen da ke da gashin baki. Bayansa mutum biyu suna ɗauke da tukunyar. Bayan tukunyar kuma karnuka. Ban taɓa sanin ƙasarmu tana da karnuka haka ba. Duk tsawon azumi ba su ji ƙamshin maiƙo ba, har ranar ba su huce ba.

Aka jera. Na fito da agogona. Bitau ya zauna a kan dutse a ƙarƙashin babban itacen da amyoyinsa suke rataye, yana taunar gasasshiyar sha'ir.

Mekuriyau ya naɗe hannun riga, ya tsoma hannu a tukunya, ya ciro sakata, ya sansana, ya lumshe ido.

"Mauzer."

Ya miƙa wa mai Mauzer. Ba ta shiga ba.

Ya ciro wata, ya sansana. "Alben ce, ko a mafarki."

Ta shige cikin Alben ɗin ta faɗo ta baya.

"Me hancin ya ce?" in ji Bitau.

"Ya ce ka rufe bakinka."

"Nawa hancin daga nan cewa yake tafarnuwa. Ayalne, nawa ka ƙirga?"

Na ce ban fara ba.

Maharba suka gaji da jira, kowa ya tsoma hannunsa. Aka shiga musaya. Wannan ya ba wancan, wancan ya ba na gaba, abin yana santsi yana kuɓucewa yana faɗawa cikin ƙura. Duk wadda ta faɗi, kare ya riga mai ita. Wani jan kare ya cafke ɗaya ya nufi kwari da ita, wata mata daga hayi ta tattare zani ta bi shi tana cewa tata ce, ko da yake ba ta da hanyar sani. Wani ya ɗauki dutse yana bugun tasa. Wani kuma kare biyu suna lasar gindin bindigarsa yana ta juyawa kamar mai rawa.

Mekuriyau ya gwada sakata bakwai a Minishir, ba wadda ta zauna. Zufa tana zuba ta gefen da babu gashi.

"Sanyin safiya ne ya kumbura ƙarfen," in ji shi. "Kowane soja ya san haka."

Rana tana tsaka.

Sai matan suka matso. Emama Yeshimebet ta leƙa tukunya. "Ina zarena?"

"Emama, zare ba ya harbi."

"Ina shuɗin zarena, ɗan Yirdau? Shekara arba'in yana ƙullin nan."

Sauran suka ji. Mata ashirin suka rufa a kan tukunya ɗaya, kowace tana ciro ƙarfe tana cewa nata ne, ta kusa da ita tana fizgewa. Mazajensu suna tsaye da sanduna masu maiƙo a hannu, ba mai ƙarfin halin shiga tsakani. Kes Admasu yana kaɗa kaskon turarensa yana cewa, "'Ya'yana, gaban mamaci ne," ba mai jin sa.

A can ƙarshen layi Gashe Wandimu yake, kurman tsohon soja. Shi tun farko aka miƙa masa sakata, bisa tsautsayi ta dace, harsashin da ya zaɓa da kansa ma ya dace. Ya ɗura, ya tsaya ƙyam, bindiga a kafaɗa, baki sama, yatsa a kan kunama, idonsa a gaba yana jiran umarni kamar yadda aka koya masa. Bai san abin da ake yi a bayansa ba. Wani ƙaton kare ya yi tsalle ya kama maratayin fatar ya ja.

Ta tashi.

Na ce, "Ɗaya."

Harsashin ya bi ta cikin itacen, ya fasa babbar amyar Bitau gida biyu. Rabi ya faɗo a gabansa. Na ga ya dubi abin, ya dubi sama, sha'ir tana hannunsa.

Ba zan iya faɗin yadda mutum ɗari uku suka bar fili a lokaci guda ba, domin na lulluɓe kaina da mayafi na durƙusa kusa da Kes Admasu, inda hayaƙin turare ya hana ƙudan zuma matsowa. Na dai ji ƙafafu, da kukan karnuka, da muryar Emama Yeshimebet tana nisa tana tambayar zarenta. Da na buɗe ido, bindigogi suna zube a ƙasa kamar karan dawa bayan girbi.

Can sai ga Bitau ya dawo, leɓensa ya kumbura ya kai haɓa, ido ɗaya a rufe.

"Ayalne, nawa?" Maganar da ƙyar take fita.

"Ɗaya."

"A cikin nawa?"

Kowa a wurin ya san amsar.

Mekuriyau ya fito daga bayan kabarin ubansa. A nan ne kaɗai na taɓa ganinsa ba magana a baki. Ya goge maiƙon zobban azurfar da gefen mayafinsa, ɗaya bayan ɗaya, ya sumbaci katakon, ya miƙa wa Bitau da hannu biyu. Ni kaina sai da na kau da kai.

Bitau ya karɓa, ya juya ta. "Sakatar fa? Wacce ce a cikin tukunyar?"

"Ba ta ciki," in ji Tiruwark. Tana zaune kusa da kaskon turare, ban ma lura da ita ba. "Tana cikin tukunyar garina, inda surukata ta bar mini ita."

Mekuriyau ya juyo. "Wadda kika ba ni jiya fa?"

"Ta sufin ce, wadda na tsinta a tsakar gida. Rabin gashin baki zan iya zama da shi. Rabin miji ba zan iya ba."

"Abba, ka ji fa," in ji Bitau, ya juya ga Kes Admasu. "A gabanka ya rantse."

Kes Admasu ya ƙara turare a kasko. "Ya rantse, ya kuma cika, ga ta a hannunka. Mutum da abin da ya mallaka yake rantsuwa. Bindiga ta miji, sakata ta mata. Ba ni na kafa ba, a haka na tarar."

"To me zan yi da sanda?"

"Emama Yeshimebet tana neman ginshiƙin akurki," in ji Tiruwark.

Mekuriyau ya dubi matarsa, ya dubi Bitau, hannunsa ya tafi ga gashin bakin da ya rage ya fara murɗawa.

"Ai na sani," in ji shi. "Tun jiya da na sansana na gane ta sufi ce. Ni na tsara abin haka."

Aka ci injera da miyar da ba maiƙo. Matan ƙauye uku kuwa sai da damina ta faɗi suna yawo gida gida suna gwada sakatu, kuma biyu ba a taɓa gano masu su ba. Minishir ta rataye a ɗakin Bitau har ya mutu, sakatarta tana cikin garin Tiruwark har ta mutu, bindigar ba ta ƙara tashi ba. Duk sun tafi yanzu. Agogon ma ya tsaya, ko da yake ina murɗa shi kowace safiya bisa sabo.

Amma na tuna waɗanda suka rage a filin ranar, lokacin da na mayar da shi aljihu da ƙarfe takwas saura kwata: Kes Admasu da kaskonsa, ni, Tiruwark, tana kankare abin da ya saura a gindin tukunya, Bitau, da sanda mai zobban azurfa, Mekuriyau, yana bayyana wa Bitau yadda ake riƙe ta, karnuka huɗu, Ato Yirdau a cikin kabarinsa, da Gashe Wandimu a ƙarshen layi, tsaye ƙyam, bindiga a kafaɗa, yana jira a ce masa ya harba.